Yadda Ake Ƙaura Zuwa Imel Mai Kulle Da Wurin Aikin Haɗin Gwiwa Mai Sirri

Saƙon da ka tura ta Gmail ko Outlook ko Yahoo a kulle yake tafiya a kan hanya, babu gardama a nan. Amma da zarar ya sauka a manyan kwamfutocin kamfanin, mabuɗinsa yana hannunsu ne. Google ya daina leƙa saƙonnin Gmail don tsara talla tun 2017, sai dai wanda ya ce ya daina leƙawa har yanzu yana iya leƙawa, kuma kotu tana iya sa shi ya leƙa. Akwai wasu kamfanoni da suka gina aikinsu a kan wata hanya dabam: a kulle saƙon tun a wayarka ko kwamfutarka, da mabuɗin da su kansu ba su riƙe da shi. Ga yadda ake komawa wurinsu ba tare da mutum ya zubar da tsofaffin saƙonninsa ba, kuma ba tare da ya ɗauka ya ɓuya alhali ƙafarsa tana waje ba.

Mataki na farko: wa kake ɓoye wa?

Kafin ka buɗe wani sabon asusu, amsa wa kanka wannan tambaya. Mai son kamfanonin talla su daina bin diddiginsa buƙatarsa ƙarama ce. Lauya ko likita ko akawun da yake riƙe da amanar takardun mutane, damuwarsa ita ce kada a kutsa a kwashe su. Ɗan jarida mai majiyar da za ta shiga uku idan aka gano ta, shi kuma lamarinsa ya fi na kowa nauyi, domin ba abin da aka rubuta kaɗai yake son ɓoyewa ba, har da cewa an yi maganar ma. Na farko da na biyu imel mai kulle zai wadace su. Na uku kuwa zai ga a ƙasa cewa imel, kowane iri ne, ba shi ne kayan aikin da ya fi dacewa da shi ba.

Mataki na biyu: san abin da kullen ya rufe da abin da ya bari a fili

Wannan ne wurin da mutane suka fi ruɗuwa, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Ɗauki imel a matsayin wasiƙa cikin ambulan. Kullen yana rufe takardar da ke ciki da duk abin da aka haɗo da ita, hoto ne ko fayil. Abin da ke bayan ambulan kuwa, wato adireshin mai aikawa, adireshin mai karɓa da lokacin da aka aika, dole ne kamfanin ya gan shi, in ba haka ba ina zai kai saƙon? A Proton Mail, ɗaya daga cikin kamfanonin imel mai kulle, har kan maganar saƙo ba ya shiga cikakken kulle, domin suna bin tsarin kulle saƙo mai suna PGP, wanda Phil Zimmermann ya fito da shi a 1991, kuma a al'adar wannan tsari kan magana a waje yake zama. Tuta, wani kamfanin irinsa, ya gina nasa tsarin ne, shi yana kulle kan maganar. Saboda haka idan a Proton kake, kada ka rubuta asirin a kan maganar. Sa masa wani abu maras ɗanɗano kamar "batun jiya".

Sannan babu kamfanin da yake saman dokar ƙasar da yake zaune. A 2021 hukumomin Suwizalan, ƙasar da Proton yake zaune, sun tilasta masa ya naɗi lambar IP ta wani mai fafutikar kare muhalli a Faransa, lambar da ke nuna ta wane layin intanet mutum yake shigowa, aka kuma kama shi. Ba a karanta saƙonninsa ba, domin kamfanin ba ya iya buɗe su, amma an gano shi. A 2024 an sake yin makamancin haka da wani da hukumomin Sifaniya suke nema kan fafutikar Kataloniya. A wannan karon abin da Proton ya miƙa shi ne adireshin imel ɗin da mutumin ya sa da hannunsa don dawo da asusu idan ya manta kalmar sirri, adireshin na Apple ne, daga can aka samo sunansa. Tuta ma wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta umarce shi a 2020 ya sa ido a kan wani asusu guda, abin da ya iya bayarwa shi ne sababbin saƙonnin da suke shigowa ba a kulle ba. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan darussa aka ɗora su.

Mataki na uku: zaɓi kamfani

Proton Mail ya fara aiki a 2014, masana kimiyyar da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN da ke Jeneba ne suka kafa shi, Andy Yen ne shugabansu. Yana da kalanda, ma'ajiyar fayil, ma'ajiyar kalmomin sirri da VPN, wato manhajar da ke ɓoye ta wane layin intanet kake shigowa, duk a asusu ɗaya. Tuta, wanda aka sani da Tutanota kafin ya gajarta sunansa a 2023, yana birnin Hanoba na Jamus tun 2011. Dukansu biyu suna da asusun kyauta, kuma manhajojinsu a buɗe suke ga duk masanin da yake son ya duba yadda aka rubuta su. Akwai kuma Posteo da mailbox.org a Berlin, da Mailfence a Beljiyam. Su Posteo da mailbox.org na kuɗi ne, sun fi kama da imel ɗin da aka saba, kuma kullen ajiya a wurinsu sai ka kunna shi da kanka.

A ganina abu biyu ne suke raba gardama. Idan kana musayar saƙo da masu amfani da PGP, ko kana son ci gaba da karanta saƙonninka a manhajojin imel na kwamfuta irin su Thunderbird ko Outlook, Proton ya fi, ko da yake haɗa shi da waɗannan manhajoji yana buƙatar wata 'yar manhaja mai suna Bridge wadda sai masu biya. Tuta ba ya haɗuwa da su sam, sai dai manhajarsa. Idan kuma mutanen da kake magana da su za su bi ka duk inda ka je, Tuta ya fi rufe abubuwa da yawa. Kada ka ɓata mako guda kana auna su. Abin da ya fi zaɓin muhimmanci shi ne kai da abokan hulɗarka ku taru a wuri ɗaya, domin tsakanin asusu biyu na Proton, ko biyu na Tuta, kullen da kansa yake aiki, ba sai ka danna komai ba.

Mataki na huɗu: buɗe asusun, ka yi a tsanake

Shiga da kanka ta rubuta proton.me ko tuta.com a burauza, kada ka bi mahaɗin da wani ya turo maka. Zaɓi sunan adireshi daidai da amsar da ka ba kanka a matakin farko. In na sana'a ne, sunanka na gaskiya ba laifi. In kuwa ba ka son a danganta shi da kai, to kada ya ƙunshi sunanka, shekarar haihuwarka, ko laƙabin da aka san ka da shi a Facebook.

Kalmar sirri a nan ba kamar ta Gmail ba ce. Ita ce take buɗe mabuɗin da ke buɗe saƙonninka, kuma kamfanin bai san ta ba. Haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da dangantaka da juna, waɗanda ba karin magana ba ne kuma ba baitin waƙa ba, domin duk jimlar da aka taɓa rubutawa a wani wuri ana iya cankarta. Kada ka taɓa amfani da ita a wani shafin. Mafi sauƙi shi ne ka sa ma'ajiyar kalmomin sirri irin su Bitwarden ko KeePassXC ta riƙe maka sauran duka, kai ka haddace guda biyu kacal: ta ma'ajiyar da ta imel.

Yanzu sai batun dawo da asusu, wanda shi ne ya fi cin mutane. Idan ka manta kalmar sirri, Proton yana iya maido maka da adireshinka ta imel ko lambar wayar da ka ajiye, amma tsofaffin saƙonnin za su zauna a kulle, kana ganinsu ba ka iya karantawa. Abin da yake buɗe su shi ne jerin kalmomi 12 da za ka samar a sashen dawo da asusu cikin saituna. Tuta kuma wata doguwar lamba yake bayarwa lokacin rajista, in ka rasa ta ka kuma manta kalmar sirri, shi ke nan, ba wanda zai iya taimakonka. Rubuta su da biro a takarda, kwafi biyu, ka ajiye a wurare biyu. Kada ka ɗauki hotonsu da waya, domin yawancin wayoyi suna tura hotuna zuwa Google ko Apple ba tare da ka lura ba. Idan ɓoye kanka kake yi, bar gurbin imel da lambar waya na dawo da asusu babu komai, ka dogara da takardar kaɗai. Ka tuna da mutumin Kataloniya.

Kafin ka tashi, kunna tantancewa ta biyu. Sauke manhajar da ke fitar da lambobi shida masu canzawa duk daƙiƙa 30, irin su Aegis ko Ente Auth, ka shiga saitunan tsaro na asusun, ka haska hoton lambar QR da zai bayyana, ka rubuta lambar da manhajar ta ba ka. Za a ba ka wasu lambobin ko-ta-kwana idan wayar ta ɓace, su ma su shiga takardar nan. Mai hali ya ƙara da ɗan mabuɗin ƙarfe irin YubiKey, wanda shafin bogi ba ya iya yaudararsa.

Wanda ba ya son a ga lambar IP ɗinsa sai ya riƙa shiga ta burauzar Tor, wadda ke ɓoye inda mutum yake shigowa, tun daga ranar rajista, ba bayan ya riga ya shiga sau goma daga layin gidansa ba. Proton yana da adireshi na musamman a kan Tor don haka.

Mataki na biyar: kwaso kaya daga tsohon gida

Kada ka rufe tsohon adireshin da wuri. A Proton akwai wani sashe mai suna Easy Switch, za ka ba shi izini ya shiga Gmail ko Outlook ko Yahoo ya kwaso saƙonni, lambobin mutane da kalanda. Duba girman akwatinka tukuna, domin asusun kyauta ba ya wuce gigabait 1 na imel, akwatin da ya shekara goma yana tara kaya ba zai shiga ba. Ko dai ka zaɓi saƙonnin 'yan watannin baya kawai, ko ka sauke duka ta Google Takeout, shafin Google na sauke bayananka, ka ajiye a kwamfutarka, Thunderbird yana iya buɗe irin wannan fayil.

Bayan nan sai aikin da ba shi da daɗi amma ba makawa: bi asusunka ɗaya bayan ɗaya kana canza adireshin. Fara da waɗanda asararsu za ta fi ciwo, banki, wurin aiki, shafukan sada zumunta, sannan sauran. Binciko kalmomi irin su rajista ko tabbatarwa a tsohon akwatin, cikin harshen da shafukan suke rubuto maka, za ka tarar da wuraren da ka manta ka taɓa shiga. Kana iya sa Gmail ya riƙa turo sababbin saƙonni zuwa sabon adireshin na ɗan lokaci, amma ka sani duk saƙon da ya biyo ta can Google ya riga ya riƙe shi. Turawar gada ce ta wucin gadi, alamar cewa akwai wanda ba ka sanar da shi ba tukuna.

Ga kantunan intanet da shafukan da ba ka amince da su ba, kada ka ba su adireshin gaskiya. SimpleLogin, wanda Proton ya saya a 2022, yana ƙirƙirar adireshin aro ga kowane shafi, saƙon ya biyo ta nan ya iso gare ka. Ranar da wani ya fara damunka da talla sai ka kashe nasa kaɗai.

Mataki na shida: rubuta wa wanda bai ƙaura ba

Yawancin mutanenka za su zauna a Gmail, kuma saƙon da ka tura musu haka kawai zai sauka a can a buɗe kamar kowane saƙo. Idan maganar mai nauyi ce, a Proton danna alamar kwaɗo da ke ƙasan wurin rubutu ka sa kalmar sirri. Mai karɓa ba zai ga saƙon ba, mahaɗi zai gani, ya danna ya rubuta kalmar sannan ya karanta, yana kuma iya ba ka amsa a kulle daga wannan shafin. Irin wannan saƙo yana gogewa bayan kwana 28 in ba ka canza wa'adin ba. Tuta ma yana da irin wannan, shi kalma ɗaya kake sa wa kowane mutum ku ci gaba da amfani da ita.

Kalmar sirrin kada ta bi ta imel. Faɗa masa baki da baki, ko ta kira a Signal, manhajar hira da kira mai kulle. Wanda ya tura kulle da mabuɗinsa a hanya ɗaya bai kulle komai ba.

Idan abokin maganarka ya iya PGP, ku yi musayar mabuɗan fili. Kowa yana da biyu: na fili da yake rabawa don a kulle masa saƙo, da na sirri da ba ya barin hannunsa. Thunderbird yana da wannan a cikinsa tun 2020. Bayan musayar ku karanta wa juna lambar shaidar mabuɗin ta waya ko ido da ido, don ku tabbata ba wani ne ya shiga tsakani ya ba ku nasa ba. Amma ga ɗan jaridar nan na matakin farko, shawarata ita ce ya bar imel don maganar da za a iya jure a san an yi ta. Abin da ya fi haka ya koma Signal, ya kunna saƙonni masu gogewa da kansu, domin Signal ba ya ajiye tarihin wa ya yi magana da wa.

Mataki na bakwai: aikin haɗin gwiwa

Ƙungiya ko ofis ba imel kaɗai suke buƙata ba, akwai takardar da mutum biyar za su gyara tare, jadawalin lissafi, fom na tattara bayanai. Mafi saurin farawa shi ne CryptPad, na kamfanin XWiki da ke Faransa. Shiga cryptpad.fr, buɗe asusu, ka ƙirƙiri rukunin aiki ka gayyato abokan aikinka, ka ba kowa matsayinsa, wane mai karatu kawai, wane mai gyara, wane mai kula da rukunin. Yana da takardar rubutu, jadawali, fom, allon tsara ayyuka da allon zane, duka ana kulle su a burauzarka kafin su tafi.

Abu biyu ka riƙe game da shi. Na ɗaya, ba a dawo da kalmar sirri a CryptPad, in ta tafi ta tafi da takardun. Na biyu, mabuɗin kowace takarda yana cikin mahaɗinta ne, a ɓangaren da ke bayan alamar #, wanda burauza ba ta aika wa kamfanin. Ma'ana duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa ya samu takardar. Don haka kada ka watsa shi a babban zauren hira mai mutum ɗari. Sa wa muhimman takardu kalmar sirri tun lokacin ƙirƙira, ka kunna jerin waɗanda aka yarda su shiga, ka kuma bambanta mahaɗin karatu da na gyara, domin mutane sun cika tura na gyara ga wanda karatu kawai ya kamata ya yi.

Idan kun riga kun taru a Proton, Proton Drive yana da wurin gyara takarda tare tun 2024, kuma ana iya sa wa mahaɗin fayil kalmar sirri da ranar mutuwa. Nextcloud, wanda Frank Karlitschek ya fara a Jamus a 2016, shi kuma na masu son ajiye komai a kwamfutar da suke da iko da ita ne. Yana da kyau ƙwarai, amma a fahimce shi: a yadda yake zuwa, mai kula da kwamfutar yana iya ganin fayilolin kowa. Kun cire amanar daga hannun baƙon kamfani kun ɗora ta a kan mutum ɗaya a cikinku, kuma shi ne zai riƙa sabunta manhajar da yin ajiyar ko-ta-kwana. In babu mai wannan ƙwarewa da lokaci a cikinku, ku haƙura da shi. Wanda kuma ba zai iya rabuwa da Google Drive ko Dropbox ba, ya sa Cryptomator, ya kulle fayilolin a kwamfutarsa kafin su hau, sai dai ba za a iya gyara su tare a lokaci ɗaya ba.

Ku rubuta 'yar ƙa'ida tun farko. Kowa da asusunsa, ba a raba kalmar sirri ɗaya. Masu kula da rukuni su zama aƙalla biyu, don kada ɗaya ya yi tafiya ko ya yi fushi ya bar kowa a waje. Ranar da wani ya bar aiki a cire shi a ranar, kuma takardun da ya riƙe mahaɗinsu a kwafe su zuwa sababbi a goge tsofaffin, tunda cire sunansa ba ya goge mahaɗin da ya riga ya adana.

Sauran ƙananan abubuwa da suke rusa babban aiki

Duk kullen nan a wayarka yake buɗewa. Idan wayar ba ta da lambar kullewa mai ƙarfi, ko kan saƙo yana bayyana a fuskarta tana ajiye a tebur, an gama. Sa wa manhajar imel ɗin nata kullen, ka hana sanarwa nuna abin da ke ciki, ka riƙa karɓar sabuntawar waya da kwamfuta idan ta zo. Kada ka yi mamaki in ka ga binciken kalma a cikin saƙonni yana jan ƙafa da farko. Tunda kamfanin ba ya iya karantawa, na'urarka ce take sauke saƙonnin ta yi binciken da kanta. Asusun kyauta kuma a riƙa leƙa shi, Tuta yana goge wanda aka yi wata shida ba a shiga ba.

Kamfanoni ma suna mutuwa. Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na imel mai kulle, Lavabit, a watan Agusta na 2013 rana tsaka, bayan gwamnatin Amurka ta nemi mabuɗan kamfanin a binciken Edward Snowden, wanda ya fallasa asirin leƙen asirin Amurka. Skiff kuwa, shi ma kamfanin imel mai kulle, wani kamfani mai suna Notion ne ya saye shi a farkon 2024 ya rufe shi, aka ba masu asusu wa'adin watanni su kwashe kayansu. Maganin wannan shi ne ka sayi sunan yanki naka, wato abin da ke bayan alamar @, ka haɗa shi da asusun kuɗi na Proton ko Tuta ko mailbox.org. Kamfanin zai ba ka wasu layuka ka kwafa zuwa shafin da ka sayi sunan: ɗaya na tabbatar da cewa naka ne, sai MX da ke nuna inda saƙo zai sauka, sai SPF da DKIM da DMARC da ke hana saƙonninka faɗawa kwandon shara da hana wani aikawa da sunanka. Kwafa su harafi da harafi, ka ba su 'yan sa'o'i su bazu, ka gwada tura wa kanka saƙo daga wani adireshin. Daga ranar, in kamfanin ya rufe ko ya canza hali, layukan kawai za ka sauya, adireshinka yana nan. Ka lura dai cewa sayen sunan yanki yana barin sawun sunanka da katin biyanka, don haka wannan na ofis da 'yan kasuwa ne, ba na mai ɓuya ba. Sannan duk bayan 'yan watanni sauke kwafin saƙonninka da takardun rukuninku, ka zuba a faifan ajiya mai kulle wanda ba ya haɗe da intanet, ka buɗe fayil ɗaya ko biyu daga ciki ka tabbata suna karantuwa kafin ka mayar da shi ma'ajiya.